Goggo, Wadda Aka Zo Kira Wankan Gawarta

Na Allah ne mu kuma wurinsa za mu koma, wannan kowa ya sani. Abin da mutanen unguwarmu a Daura ba su sani ba ranar Talatar nan shi ne wace ce ta koma ɗin. Da hantsi labari ya fita cewa tsohuwar gidanmu ta rasu, alhali tsofaffi biyu ne a gidan. Akwai Inna, mahaifiyata, wadda ta shekara goma sha uku tana fama da ciwon suga da hawan jini. Akwai kuma Goggo, yayar marigayi Babanmu, wadda tunda na yi wayo ban taɓa ganin ta kwanta ciwo ba. Ba wanda ya tsaya tambayar wacce a ciki. Kowa ya yanke cewa Inna ce.

Maƙwabciyarmu da muke katanga ɗaya ita ta fara shigowa. Tana share hawaye da gefen mayafi, ko kallona ba ta yi ba, ta wuce kai tsaye ƙofar ɗakin Goggo ta tsaya.

"Goggo, sai haƙuri," in ji ta. "A ɗora ruwa ne, ko kin riga kin ɗora?"

Goggo ce mai wankan gawar mata a unguwarmu da na kusa da mu, sama da shekara talatin. In mace ta cika ita ake fara nema, kafin ma a aika wa masu haƙan kabari. To ga shi an zo kiran ta aiki, ita kuwa tana miƙe a bayan labulen an ja mata zani har ka. Kafin in yi magana maƙwabciyar ta ɗaga labule. Goggo doguwa ce, zanin bai kai ya rufe ƙafafunta ba, sai ga yatsu goma cif a jere. Duk unguwa an san yatsu biyu suka rage a ƙafar Inna ta hagu, ko da yake ba wanda ya taɓa gani don kullum tana cikin safa. Matar ta saki labulen a hankali, ta zauna a ƙasa nan inda take tsaye.

Ƙanwar Inna kuwa daga Mai'adua ta taho a bayan babur, tana kuka tun daga can, don a waya abin da aka ce mata ke nan, tsohuwa ta rasu. Ta shigo tana kiran yayarta, sai ta ga yayar zaune a kan tabarma a ƙarƙashin rumfa da tasbaha a hannu. Ta dinga ja da baya har ta yi karo da randa. Sai da Inna ta ce mata ita ce, ba ta mutu ba, ta zo ta zauna, sannan ta matso, kuma ko da ta matso sai da ta taɓa gwiwar Inna da ɗan yatsa tukuna. Haka aka wuni. Mace ta shigo da gaisuwarta a baki, ta yi ido biyu da Inna, ta haɗiye. Wasu su ce ashe ba ke ba ce, sannan kunya ta kama su. Wata tsohuwa ma a gaban Inna ta ce ikon Allah, mai ciwo na zaune mai lafiya ta tafi. Wallahi da ba zaman makoki ake ba da na nuna mata hanyar zaure.

Sau ɗaya kawai na ji Inna ta ce, can ƙasa-ƙasa, ita aka zo ɗauka aka yi kuskuren ɗaki. Da yamma da na kawo mata maganinta ta karɓi ledar ta ɗaure bakinta ta tura ƙarƙashin gado, kuma daga ranar ba ta ƙara sa ƙwaya ɗaya a baki ba. Likita ya sha gaya mana cewa mai suga da hawan jini a haɗe in ya saki magani, zuciya da ƙoda da jijiyar kai duk a bakin haɗari suke. Saboda haka muka binne Goggo muna kallon Inna tana shirin bin ta. Ina rubuta wannan ne don kada a manta Goggo, kuma ba zan iya ba da labarinta ba sai da na kwana taran da Inna ta yi ba magani.

Ina ƙarama tsoron hannun Goggo nake yi. In ita ta malmala tuwo sai in ce na ƙoshi. Ta sani sarai, sai ta yi dariya ta ce ke 'yar nan, duk gidan nan ba hannun da ya kai wannan shan wanki. Warin kafur ba ya barin jikinta, ko ta yi wanka ko ta sake kaya, in ta wuce ka sai ka ji shi a bayanta. Tana da wani kallo da take yi wa mutum, daga ka zuwa ƙafa a hankali, har mata suka ce auna su take yi. Ita kuma ba ta musa ba, tsokana ma take yi da shi. Ta taɓa duban wata gajeriyar mai kitso ta ce ke kam ba za ki ci wa 'yan'uwanki yadi da yawa ba. Matar ta tattara kayanta ta tafi, sai da aka bi ta da ban haƙuri.

Amma abin da ta gani a ɗakin wanka, ko da wuƙa ba ka ji a bakinta. Wata ta taɓa zuwa har gida tana zagaye-zagaye, tana son ta ji wai ko gaskiya ne fuskar surukarta ta yi baƙi bayan ta cika. Goggo ta ce baiwar Allah ta gani, ta wanke baiwar Allah, ta kuma miƙe ta shiga ɗaki ta bar ta zaune. Abu ɗaya kawai takan faɗa game da aikinta. Takan ce masu suga suna sallama, za ka gan su suna tafiya kaɗan-kaɗan har kowa ya shirya, amma masu hawan jini ba sa sallama, sai dai ka je wanka ka tarar da tukunyarsu a kan wuta.

In ta dawo daga wanka tana da al'ada. Za ta yi nata wankan, ta sake zani, ta zauna bakin ƙofarta ta ce a kawo tuwo da miyar kuka. Tunda aka hana Inna gishiri tukunyar gidan ta koma lami, sai Goggo ta ajiye nata gishirin a wani gwangwanin madara, da daddawarta da dunƙulen ɗanɗano. Ba barbaɗawa take yi ba, zubawa take yi. In na yi magana sai ta ce ta fito daga wurin wadda ba za ta ƙara ɗanɗana komai ba, a bar ta ta ji bakinta yana aiki.

Ita da Inna ba da daɗi suka fara ba. Ranar da aka kawo Inna daga Mai'adua ta yi girkin farko, Goggo ta ɗanɗana miyar ta ce ashe mutanen bakin iyaka ba su san gishiri ba. Inna ta riƙe maganar nan shekara da shekaru. Goggo kuma ba ta taɓa daina kiran ta Amarya ba, har Inna ta yi jikoki ta yi furfura, Amarya ce, Inna kuma tana ce mata Yaya. Da mijin Goggo ya rasu a Dutsi ta dawo gidan ƙanenta da zama. Ɗanta ɗaya, yana aiki a Katsina, ya yi juyin duniya ta koma wurinsa ta ƙi. Bayan shekara biyu Babanmu ma ya rasu, daga baya mu yara duk muka yi aure muka watse, gida ya rage su biyu, ɗaki na kallon ɗaki.

Faɗansu mafi girma a kan alkaki aka yi shi. An yi biki a dangi, Inna ta ɓoye guda uku a cikin rigar matashin kai, ita da aka hana zaƙi. Goggo ta gano su wajen kakkaɓe gado, ta fito da su tsakar gida ta jefa wa akuya ɗaya bayan ɗaya Inna na kallo. Inna ta ce nan gidan mijinta ne, ba mai yi mata mulki. Goggo ta ce gidan ubanta ne tun ba a haifi wasu ba. Kwana uku ba su yi magana ba. Amma kowace safiya a cikin kwana ukun Goggo za ta shiga ɗakin Inna ba sallama ba gaisuwa, ta kama hannunta ta auna jininta, ta ɓallo ƙwayoyi ta miƙa mata da ruwa, ta tsaya a kanta har sai ta ga maƙogwaro ya motsa, sannan ta fita tana tsaki.

Abin awon yayana ne ya kawo shi daga Kano, irin mai batir da ake naɗa wa a damtse a danna. Goggo ba ta yi boko ba, amma ta san lamba, kuma a gefen gilashinsa akwai launi uku, kore da rawaya da ja. A rana ɗaya ta iya shi, ta kuma hana kowa taɓawa. A ɗakinta yake kwana cikin jakarsa. In yana matse hannu yakan yi wani gurnani kamar ƙwaro ya faɗa tulu, har tsakar gida ana ji.

Shekara biyar da suka wuce Inna ta taka ƙusa ba ta ji ba, don sugan ya riga ya kashe mata jin ƙafa. Kafin a farga wurin ya ruɓe, aka yanke yatsu uku. Ni 'yarta da ta haifa, ranar da na ga ƙafar sai da na fita waje na yi amai, Allah ya yafe mini. Goggo ce ta zauna da ƙafar nan a cinyarta wata huɗu, tana wankewa tana sa magani tana naɗewa yadda nas ta nuna mata, ba ta taɓa ko yamutsa fuska ba. A cikin watannin nan ne, ina zaune ina yanka kuɓewa, na ji Inna ta roƙe ta.

"Yaya, in na mutu ke kaɗai za ki wanke ni. Kada kowa ya ga ƙafar nan."

"Na ɗauka, Amarya," in ji Goggo, ba ta ko ɗago kai ba.

Daga ranar duk muka zauna a kan haka, kamar an rubuta an sa hannu. Inna ce za ta fara tafiya, Goggo ta wanke ta. Duk idonmu ya koma kan Inna, me ta ci, me ta sha, nawa awo ya nuna. Ba wanda ya taɓa tambayar Goggo ya jiki, don ba a tambayar mai jinya.

Mutum ɗaya ce ta tambaya, wata nas a asibitin da Inna take zuwa duk wata. Goggo ce 'yar rakiya, su hau Napep su biyu, ita ke riƙe kati ita ke bin layi. Ranar da na bi su na ji nas ɗin, bayan ta gama da Inna, ta ce Baba kawo naki hannun mu gani. Goggo ta cusa hannunta cikin mayafi ta ce ita ba ta da suga, rakiya ta zo. Nas ta yi mata bayani da haƙuri, ta ce gaskiya ne mai suga ya fi shiga haɗari in jininsa ya hau, shi ya sa ake matsa masa, amma hawan jini ba ya tambayar mutum ko yana da suga kafin ya shanye masa ɓarin jiki ko ya tsayar masa da zuciya, kuma sau da yawa ba ya ciwo ba ya nuna alama. Goggo ta saurare ta har ƙarshe, ta yi mata godiya, ta ce Allah ya yi albarka, hannun kuwa yana cikin mayafi. Inna ta ce mini haka suke yi duk wata.

A hanyar dawowa na tsananta mata, sai ta faɗa mini dalilinta. Ta ce shekara talatin tana shiga ɗakunan mutane wanka, kusan duk ɗakin da ta shiga sai ta tarar da ledar magani a kan taga ko a gefen gado, kuma ba ta taɓa ganin ledar ta hana komai ba. A ganinta ledar nan alama ce, duk wadda aka miƙa wa ita ta shiga layin masu tafiya. Na ce to don me take ɗura wa Inna? Ta ce Amarya ta riga ta shiga hannun likitoci, dole ta bi dokarsu, don maganin nan in ka fara ba a dainawa, ita kuwa ba ta fara ba. Na so in ce mata waɗanda ledar ta tsare ai ba a kiran ta ɗakunansu, suna can suna yawo a gari. Ban faɗa ba. Dariya na yi, na ce Goggo ke dai ba ki da dama. Wannan dariyar tana cina har yau.

A watanninta na ƙarshe na lura tana ɗaure kai da ɗankwali tamau har goshinta ya yi zane, tana jiƙa zoɓo ba suga ta jefa tafarnuwa tana kurɓa. Na tambaya, ta ce zafin bazara ne. Na yarda, don ya fi mini sauƙi in yarda.

Ranar Talatar na biyo da safe zan wuce makarantar da nake koyarwa, na ce bari in leƙa su. Na tarar da Goggo zaune a gindin darbejiya ta jingina da katanga, faifan wake a cinyarta. Na gaishe ta, ba ta amsa ba. Na ɗauka fushi take yi don na kwana biyu ban zo ba, na sake gaishe ta ina dariya. Sai na ga kaji. Biyu suna kan cinyarta, ɗaya ta hau faifan tana tsattsagar wake, Goggo da kaza ba ta isa ta zo kusa da tabarmarta ba. Idonta a buɗe yake yana kallon ƙofar ɗakin Inna, hannunta na dama a cikin waken. A murhu tukunyar koko tana tafasa tana zuba. Wani ma'aikacin asibiti da ke layinmu ya zo ya duba, ya ce ta cika, ko zuciya ce ko jijiyar kai, Allah ne masani.

Aka rasa mai wanka. Mata suka tsaya cirko-cirko a tsakar gida kowa na duban kowa, don duk wadda aka saba nema ita ce a kwance. Daga ƙarshe mata biyu da suka saba riƙe mata buta suka ce za su yi, Inna kuma ta ce a kai mata kujera ciki, ita za ta zuba ruwa. Ni aka aika in ɗauko ƙullin kayan aikinta a akwati. Na tarar da garin magarya sabon daka, da kafur, da auduga, da sabulu ko ɓare shi ba a yi ba. A ƙarƙashinsu likkafani biyu ne a ninke, an riga an yanka. Ɗaya na san shi, na Inna ne, Goggo ta tanade shi tun shekarar ƙafa, har ya fara ja a wurin ninki. Ɗayan sabo ne fil. Da muka warware shi ya fi na Inna tsawo da kusan kamu guda, kuma da aka sa wa Goggo ko kaɗan ba a rage ba, ba a ƙara ba. Matan suka dubi juna. Ni dai na ƙi barin zuciyata ta yi tunanin abin da hakan ke nufi.

Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, baƙi suka watse. Inna tana nan a kan bakanta. Yayana ya durƙusa ya roƙe ta, ƙanwarta ta yi kuka, ɗan Goggo ma kafin ya koma Katsina ya zauna ya yi mata nasiha. Ta ce duk ta ji. Ƙishirwa ta dinga damun ta, tana shan ruwa kamar ana zubawa a yashi, ƙafafunta suka fara kumbura, ta ce tana ganin mutane dishi-dishi. Na bar gidana na dawo wurinta, ina kallon uwata tana narkewa da gangan, kuma haushi ya fi tausayi yawa a raina, ba zan ɓoye ba.

Rana ta tara bayan la'asar na ce ko da faɗa sai na auna ta. Na shiga ɗakin Goggo, warin kafur yana nan kamar yanzu ta fita, na ɗauko jakar abin awon na zo gaban Inna na zauna. Ban saba da shi ba, na danna wani maɓalli na gefe maimakon na tsakiya. Bai yi gurnani ba, sai kawai lamba ta fito da rana da lokaci a samanta. Ashe yana ajiye duk awon da aka yi da shi. Ranar Talata ce, ƙarfe bakwai da minti ashirin, ɗari biyu da ɗoriya, launin ya kai ƙarshen ja. Na ce a raina ba dai Inna ba, ai da mun sani. Na sake dannawa. Talatar dai, bakwai da minti goma, lamba mai kyau, kore. Na ci gaba da dannawa, Litinin biyu, Lahadi biyu, Asabar biyu, kowace safiya ɗaya kore ko rawaya, bayan minti goma ɗaya ja. Haka har inda ajiyarsa ta ƙare. Ji na yi kamar Goggo ta yi gyaran murya a ɗakinta.

Inna tana kallona. Ta ce na gani ke nan. Na ce me na gani?

"Kullum sau biyu yake kuka," in ji ta. "Ɗaya a hannuna, ɗaya a ɗakinta. Ni ba kurma ba ce."

Na tambaye ta tun yaushe, ta ce tun kafin azumin bara. Ta ce ta tare Goggo da maganar, Goggo ta ce in ta kuskura ta gaya wa yara, ɗanta zai zo ya ɗauke ta ya kai Katsina ya damƙa ta ga likitoci, ba kuma za ta dawo ba, to wa zai wanke Inna? Goggo ta ce zoɓo da tafarnuwa za su sauke jinin, a bar ta. Inna ta ce ta san ba za su sauke ba, shekara goma sha uku tana zaman layin asibiti, ta san abin da ja yake nufi. Duk wata in nas ta ce Baba kawo hannu, maganar takan zo mata har baki, sai ta tuna ƙafarta ta haɗiye.

"Don a rufa wa ƙafata asiri na yi shiru har ta mutu," in ji Inna. "Da wane baki zan sha magani?"

Na yi fushi, fushin da ban taɓa yi wa uwata ba. Na ce su biyu sun zauna sun ƙulla mutuwa a tsakaninsu kamar mu ba mutane ba ne, yanzu kuma tana so ta ƙara mana ta biyu. Na faɗi maganganu da ba zan rubuta ba. Ba ta kare kanta ba, kuma shirun nata ne ya karya ni. Na matsa na kama ƙafar nan ta hagu da safarta na ɗora a cinyata, na ce in wanka ne matsalar ni zan wanke ta, zan je in koya, ba wanda zai gani sai ni, ta sha maganinta kawai.

"Haka ita ma ta ce," in ji Inna. "Wata nawa kina riƙe ƙeya in kin sunkuya? Kina tsammani ba na gani? Jinin su Yaya ne a jikinki. Miƙo hannu."

Na ce Inna shekarata arba'in da huɗu, gajiyar makaranta ce kawai, kuma ni ba ni da suga. Sai da maganar ta fita na ji ta a kunnena, na kuma gane muryar wa na ara. Na miƙa hannun. Inna ta naɗa mini, ta kasa ɗaurewa sai da na taimaka mata, na nuna mata inda za ta danna. Ya fara gurnani yana matse ni, ina jin jinina yana bugawa a damtse har cikin kunne. Ya saki. Ɗari da saba'in da shida a sama, ɗari da huɗu a ƙasa.

Idon Inna ba ya ganin lamba a ranar. Ta kawo fuskarta kusa da gilashin ta kasa, sai ta tambaye ni wane launi ne. Na dube ta, tsohuwa mai kumburarrun ƙafafu da ta binne abokiyar zamanta kwana tara da suka wuce, na ce a raina in na faɗa mata gaskiya ƙarasa ta zan yi. Kore kawai zan ce, in ya so daga baya in san yadda zan yi da kaina, in rage gishiri, in jiƙa zoɓo. Wallahi kalmar ta zo har kan harshena, kuma ta zo da sauƙi ƙwarai.

"Ja ne, Inna."

Inna ta nuna ƙarƙashin gado da haɓa ta ce in jawo mata ledar, in kawo ruwa. Ta kwance ɗaurin da kanta, ta sa na ɓallo mata na yamma, ta watsa a baki ta kora, ta buɗe bakin ta nuna mini ba komai.

"Gobe ki kira mai Napep da wuri," in ji ta. "Ni zan raka ki."

Ta raka ni ɗin, tana dogara sanda, ta zauna kusa da ni a benci har aka yanka mini kati, ita ma likita ya duba ta ya yi mata faɗa ta karɓa. Yau kwana arba'in da rasuwar Goggo, Inna tana shan nata a gabana ina shan nawa a gabanta. Ya Allah, Goggo ta rufa asirin bayinka mata da ba sa ƙirguwa, ka rufa nata, ka wanke ta da ruwan rahamarka, ka yalwata mata makwanci. Ka yafe mata shirun da ta yi, ka yafe wa Inna nata, ni ma ka yafe mini wanda na kusa yi.